WA ZAI ƊAUKI TSINTSIYA?

Akwai wata tambaya da ta shafi kowane gida, na birni da na ƙauye, amma ba safai akan zauna a yi ta ba. Yaro ɗan shekara 3 yakan yi kuka a ba shi tsintsiya ya yi shara. Sa'ad da ya kai shekara 13, sai an bi shi da tsawa kafin ya ɗauke ta. In ya kai shekara 30 kuwa, ko ya gan ta yashe a bakin ƙofa, sai ya ƙetare, ya kira wani ya ɗauka. Tsintsiyar ɗaya ce, tsakar gidan ma ɗaya ce. To, me ya sāke? Wannan sākewa kuwa, girma ne ko lalacewa?

Wataƙila za ka ce, "Wannan ai ƙaramar magana ce, ba ta isa a rubuta takarda a kanta ba." Ya mai karatu, ka yi haƙuri ka bi ni har ƙarshe. Saboda wannan ƙaramar magana akwai 'yan mata da aka fitar daga lakwal. Saboda ita akwai matan da suka tsufa tun lokacinsu bai yi ba. Saboda ita kuma akwai gidajen masu bi inda ake raira waƙa ran Lahadi, amma sauran kwana 6 ba a jin kome sai gunaguni. Abin da mutum yake ɗaukar aikin gida yana nuna abin da yake ɗaukar girma, da ƙauna, da Ubangijinsa kuma.

SA'AD DA YAKE YARO

Ka duba yara suna wasa a gindin bedi, ko a Maraɗi, ko a Tsibiri, ko a Jiratawa. Wasan me suke yi? 'Yan mata sun sami gwangwanin tumatir, sun aza a kan duwatsu uku, suna tuƙa tuwon ƙasa. Wata ta goya 'yar tsana da tsumma. Wata ta sami ɗan guntun icce tana kwaikwayon daka, har da lugude. 'Yan maza sun ƙera amalanke da kara, suna jan kaya zuwa kasuwar da ba kowa cikinta. Ba wanda ya aike su, ba wanda zai biya su, duk da haka sun fi mai kwaɗago himma.

Me ya sa? Da fari, yaro yana so ya kasance kusa da wanda yake ƙauna. Inda uwa take, nan yake so ya zauna, abin da hannunta yake yi kuma shi yake so ya taɓa. Na biyu, yana so ya zama babba, a ganinsa kuwa babba shi ne mai yin aiki. Na uku, har yanzu ba wanda ya faɗa masa cewa akwai aikin manya da na ƙasƙantattu. A wurinsa, ɗaukar ƙwarya zuwa bakin randa daraja ce.

Ba mu ce yaro ba shi da zunubi ba. Son kai yana cikinsa tun yana ƙarami, kowace uwa ta sani. Amma a wannan gefe yana ganin abin da manya suka manta. A Matiyu sura 18, da almajirai suka tambayi Yesu ko wa ya fi girma a Mulkin Sama, ƙaramin yaro ya kira ya tsai da shi a tsakiyarsu. Yaro ba ya auna aiki da matsayinsa, gama bai san yana da matsayi ba tukuna.

ME YA KASHE MARMARIN?

Bayan 'yan shekaru sai marmarin nan ya mutu. Bari mu faɗi gaskiya a kan dalilai.

Dalili na fari, aikin yana da nauyi ƙwarai. Tuwon ƙasa ba ya ƙona hannu, amma na gaske yana ƙonawa. Jarka mai lita 20 nauyinta kilo 20 ne, ban da jarkar kanta, yarinya 'yar shekara 10 kuwa takan ɗauke ta sawu da yawa a yini. Tsofaffin Maraɗi sun ba da labarin ambaliyar 1945, wadda ta rushe tsohon garin da yake cikin kwarin Gulbi, har aka tayar da mutane zuwa kan tudu. A fadama ruwa yana kusa, a kan tudu kuwa sai guga ya yi nisa. Haka yake a ƙauyuka da yawa na jigawa har wa yau. Sussuka, da bakace, da surfe, da daka, da tankaɗe, duk sai an bi ta kansu kafin hatsi ya zama fura. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan ba. A Farawa sura 2, Allah ya sa Adamu cikin gonar Aidan domin ya nome ta, ya kiyaye ta, tun zunubi bai shigo ba. Ashe, aiki kyautar Allah ne. Amma a sura 3, bayan faɗuwa, sai ƙaya da zufa suka shiga cikinsa. Yaron da ya fara jin zafin zufa bai yi ƙarya ba in ya ce da wuya.

Dalili na biyu, mu iyaye mun mai da aiki hukunci. Yaro ya yi laifi, sai a ce, "Tun da haka ne, kai za ka share gidan nan duka." Yarinya ta yi rashin kunya, sai a ce, "Yau ke kaɗai za ki yi wanke-wanke." Da bakinmu muka koya musu cewa tsintsiya 'yar'uwar bulala ce. Yaya za mu yi mamaki in suka guje ta?

Dalili na uku, aikin gida ba a ganinsa sai ranar da ba a yi shi ba. In randa ta cika, ba mai cewa sannu. In ta bushe, kowa ya sami baki. Manomi yana da rumbu da zai nuna a kaka, magini yana da bango, amma wadda ta share gida da safe, kafin azahar iska ta mai da ƙasar. Aikin da ba shi da godiya yakan gajiyar da zuciya fiye da hannu.

Dalili na huɗu shi ne mafi girma. Yaro yana da ido. Yana duba wa yake aiki, wa kuma yake zaune. Ya ga mai gida ba ya taɓa tulu. Ya ga yayansa, tun da ya shiga lakwal ya iya Faransanci, ya daina ɗauko itace. Ya ga a birni alamar arziki ita ce a ce wane yana da boyi, 'yan ga-ruwa kuma suna kawo masa ruwa har gida. Sai ya haɗa lissafi da kansa: ashe, girma shi ne ka kai inda wani zai yi maka. Wannan tunani ya daɗe a ƙasarmu. A zamanin dā, a gidajen sarauta da na attajirai, daka da jan ruwa aikin bayi ne. An hana bauta, har a 2003 Nijar ta yi doka ta mai da ita laifin da ake hukuntawa. Amma doka takan kwance igiya daga ƙafa, ba ta iya fitar da tunani daga zuciya. Har yanzu in aka ce wa saurayi ya wanke akushi, yakan ce, "Ni bawa ne?"

HANYA UKU GABAN BABBA

Sa'ad da yaro ya zama babba, aikin bai tafi ko'ina ba. Dole a ci, dole a sha, dole a yi wanka. Mutane sukan bi ɗaya daga cikin hanya uku.

Akwai wanda rayuwa ta buɗe masa ido. Amarya da aka kai ɗakinta, ran da ta tashi da asuba ba mai hura mata wuta, ranar takan san abin da inna ta yi shekara da shekaru. Saurayi da ya tafi cin rani Kano, ko Yamai, ko Agadas, yakan koyi dafa shinkafa da wake, ya wanke rigarsa, ya sayi ruwa da kuɗinsa. A can bai mutu ba, ba kuwa wanda ya ce ya daina zama namiji. Waɗansu sukan komo da godiya, su riƙa ganin randa da sabon ido. Amma da yawa, da zarar sun sauka a tasha sai hannun ya manta.

Akwai wanda yakan juye nasa kaya a kan wanda ya fi shi rauni. Aikin gida kamar ruwan Gulbi yake da damina, kullum gangare yake nema. Miji ya tura wa mata. Mata ta gaji, ta tura wa babbar 'yarta. In akwai 'yar riƙo, ko marainiya, ko yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye da alkawarin za a sa ta makaranta, to, a kanta ruwan zai kwanta, gama ba wani a ƙasa da ita. Wannan ba a ƙasarmu kaɗai yake ba. A 2016 hukumar UNICEF ta ba da lissafi cewa a duniya 'yan mata masu shekara 5 zuwa 14 sun fi 'yan maza tsaransu ba da lokaci ga aikin gida da kashi 40 cikin 100. A 2018 kuma ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta nuna cewa fiye da kashi 3 cikin 4 na aikin kula da gida, wanda ba a biyan lada, mata ne suke yinsa. Mun san ƙarshen labarin a unguwanninmu. Yarinya ta makara saboda layin famfo, ta yi gyangyaɗi a aji saboda ta kwana tana reno, ta faɗi jarrabawa, sai a ce, "Ba ta da kai, a yi mata aure." Binciken da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna 'yan mata 76 cikin 100 an aurar da su kafin su cika shekara 18. Dalilan wannan suna da yawa, ba mu ce aikin gida kaɗai ba ne. Amma yana cikinsu, shi ne kuwa wanda yake hannunmu.

Akwai kuma wadda take yin aikin duka, amma da ɗacin rai. Ba ta gudu ba, ba ta tura wa kowa ba, sai dai kowace taɓarya da ta sauka cikin turmi da ƙorafi take sauka. Ba za mu yi saurin hukunta ta ba. A Luka sura 10, Marta ta karɓi Yesu a gidanta, hidima ta yi mata yawa, har ta kai ƙarar 'yar'uwarta Maryamu. Ubangiji bai raina abincinta ba, damuwar da ta cika zuciyarta ya taɓa, ya nuna mata cewa jin maganarsa ya fi kome. Amma ku lura, 'yan'uwa maza: in muna so matanmu su zaɓi rabon Maryamu, sai mu tambayi kanmu wa zai kula da tukunya sa'ad da suke zaune gaban Maganar Allah. Mace nawa ce ba ta zuwa taron addu'a na tsakiyar mako, ko ajin koyon karatu, domin ba mai karɓar ta?

ABIN DA MAGANAR ALLAH TA NUNA

Bari mu duba manyan mutanen Littafi Mai Tsarki, mu ga ko girmansu ya raba su da aikin gida.

Ibrahim attajiri ne, mai barori da garkuna. Amma a Farawa sura 18, da baƙi uku suka zo, shi da kansa ya sheƙa zuwa garke ya zaɓi maraƙi, shi ya kawo musu abincin da madara, ya tsaya kusa da su suna ci. Rifkatu, a sura 24, a bakin rijiya aka gane halinta, gama ta shayar da baƙo, ta kuma ɗebo wa raƙumansa ruwa ba a roƙe ta ba. Raƙuman kuwa 10 ne, duk wanda ya taɓa shayar da raƙumi ya san wannan ba wasa ba ne. Yakubu ya iya girki. Musa, wanda ya tashi a fādar Fir'auna, ya taimaki 'ya'yan firist na Madayana mata 7 shayar da garkensu. Sama'ila yana yaro shi yake buɗe ƙofofin Haikalin Ubangiji da safe. Elisha kuwa, kafin a san shi annabi ne, an san shi da zuba wa Iliya ruwa a hannu.

A Sabon Alkawari, da aka sami gunaguni a Urushalima a kan rabon abincin gwauraye mata, ba a ce wannan maganar mata ce ba. Maza 7 aka zaɓa, masu mutunci, cike da Ruhu da hikima, cikinsu har da Istifanas, wanda ya fara ba da ransa saboda Almasihu. Manzo Bulus, bayan jirginsu ya farfashe suka fita a tsibirin Malita, ya shiga tattara ƙirare yana zubawa a wuta. Yana cikin wannan ne maciji ya sare shi. Babban manzon al'ummai ke nan, da itace a hannu.

Amma duk waɗannan inuwa ce. Ku dubi Ubangiji da kansa. Shekara wajen 30 ya yi a Nazarat, yana biyayya ga iyayensa, mutanen garin kuma sun san shi massassaƙi ne. A daren da za a bashe shi, kamar yadda Yahaya sura 13 ta nuna, ya tashi daga cin abinci, ya yi ɗamara da mayafi, ya zuba ruwa a daro, ya wanke ƙafafun almajiransa. Wannan aikin bawa ne, har Bitrus ya ji kunya ya so ya hana. Yahaya ya faɗa mana cewa Yesu ya yi haka yana sane Uba ya danƙa kome a hannunsa. Ashe, ba domin ya manta ko shi wane ne ba, domin ya sani ne. Wanda bai tabbata da girmansa ba shi yake tsoron tsintsiya. Bayan ya tashi daga matattu kuma, ya riga ya ci nasara a kan kabari, almajiransa suka fito daga teku a gajiye, suka tarar ya hura garwashi, da kifi a kai, da gurasa. Mai Ceton duniya ya shirya wa masunta karin kumallo.

To, ga amsar tambayarmu. Yaro ya yi daidai da ya ɗauka babba shi ne mai yin aiki. Saurayi ya kauce da ya ɗauka babba shi ne wanda ake yi wa. Cikakken mutum cikin Almasihu shi ne wanda ya san nauyin aikin, ya san ba za a gode masa ba, yana da ikon tura wa wani, duk da haka ya miƙa hannu saboda ƙauna. Yaro yana yi domin bai san wuyarsa ba. Mai bi yana yi ko da yake ya sani. A Markus sura 10 Yesu ya bambanta sarakunan al'ummai, masu nuna wa mutane iko, da almajiransa, waɗanda babbansu zai zama baran sauran.

AMMA WANI ZAI CE

Wani zai ce, "Ni ma ina da nawa aiki. Ni nake noman gandu, ni nake gyaran danga da rumbu, ni nake neman kuɗin cefane." Gaskiya ne, Allah ya sa albarka. Raba aiki tsakanin miji da mata ba zunubi ba ne, ba kuwa muna cewa kowane mai gida ya karɓi muciya ba. Amma ka auna da ma'auni na gaskiya. A ƙauyukanmu da damina mace takan yi noma a gandu, ta yi a gamanarta, ta komo ta ɗora tukunya, kai kuwa ka sami tabarma. Da rani, in ba kana da aikin lambu irin na fadamar Jiratawa ba, aikinka yakan ragu, nata kuwa ba ya sanin rani ko damina. A gidan da ake da 'ya'ya 7 ko 8, da ciki, da goyo, hannu biyu ba su isa ba. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wani zai ce, "Za a yi mini dariya a dandali, a ce mijin-ta-ce." Mai yiwuwa ne. Amma wa ya fi ƙarfin zuciya, wanda ya ɗauko wa matarsa mai ciki ruwa a gaban jama'a, ko wanda ya bar ta ta faɗi domin tsoron bakin abokai? Afisawa sura 5 ta umarci miji ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya har ya ba da kansa dominta. Wanda ba zai iya ba da sa'a ɗaya ba, yaya zai ba da ransa? Mu masu bi kaɗan ne a ƙasar nan, maƙwabtanmu kuwa da yawa ba za su taɓa shiga majami'a ba. Tsakar gidanmu ita ce wa'azin da suke gani ta kan danga. Tun da mishan ta SIM ta shigo Damagaram a 1924, daga baya ta kafa aiki a Tsibiri da Maraɗi, mutane da yawa ba ta wurin gardama suka fara sauraron bishara ba. Sun ga hannuwan da suke wanke gyambo a asibitin Galmi, wanda aka buɗe a 1950, da wurin jiyyar kutare na Danja. Abin da ya yi shaida a asibiti zai yi shaida a gida.

Wani kuma zai ce, "Ashe, sai a bar yara su zauna ba aiki?" A'a, ko kaɗan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu da muka yi makarantar mishan mun sani, shara da ɗiban ruwa suna cikin karatun, ba su kuwa rage mu da kome ba. Yaron da aka hana shi aiki an cuce shi. Maganar ita ce a ba shi daidai ƙarfinsa, a raba da adalci tsakanin mace da namiji, tsakanin ɗan ciki da ɗan riƙo, kada kuma aikin ya cinye karatu.

Wani zai ce, "Zamani zai warware wannan, ga injin niƙa, ga famfo." Mun gode wa Allah saboda su, sun rage wahala ƙwarai. Amma inji ba ya sāke zuciya, wani ne dai zai kai niƙan, wani ne zai tsaya a layi. Ga wani misali daga ƙasarmu. Bayan farin 1973 da na 1984, itatuwa sun ƙare a gonakin jihar Maraɗi, mata suna tafiya mai nisa neman abin hura wuta, har ana ƙona kara da kashin shanu. Daga 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin, suka fara abin da muke kira sassaben zamani: maimakon a sare kowane toho na sabara, da kalgo, da gawo, sai a bar masu ƙarfi a gyara su su girma. Masu bincike sun kimanta cewa itatuwa sun komo a fili wajen hekta miliyan 5 a Nijar. A inda aka yi haka, itacen girki ya matso kusa da gida. Ka gani, shawarar da namiji ya yanke da gatari a gona ita ta rage tafiyar da 'yarsa take yi da gammo. Ba aikin gida da za a ce bai shafi mai gida ba.

ME ZA MU YI?

1. Kada ka kashe marmarin ƙaramin yaro. In ya karɓi tsintsiya, bar shi ya share, ko da za ka sāke sharewa a bayansa. Ka ce masa, "Madalla, Allah ya yi maka albarka."

2. Kada ka hukunta yaro da aikin gida. Kolosiyawa sura 3 ta gargaɗi ubanni kada su matsa wa 'ya'yansu har su karai.

3. Ka koya wa ɗanka namiji hura wuta, da dafa abinci mai sauƙi, da wanki. Wata rana zai zauna shi kaɗai, ko matarsa ta kwanta ciwo.

4. Ku zauna da uwargida ku ƙidaya ayyukan yini guda, daga asuba har kwanciya, da sunan mai yin kowanne. Da yawa za su yi mamakin abin da za su gani.

5. Ku duba wa yake ƙasa duka a gidanku. In akwai 'yar riƙo ko mai aiki, tana cin abin da 'ya'yanku suke ci? Tana zuwa makaranta? Tana zuwa sujada? Allah Uban marayu ne, zai kuwa tambaya.

6. Ku tuna da tsofaffi. Uwar da ta yi maka daka shekara 20, in hannunta ya raunana, lokacin biya ya yi. Wasiƙar fari zuwa ga Timoti, sura 5, ta ce a gida ake fara nuna ibada, ta wurin sāka wa iyaye.

7. Mu dattawan ikilisiya da fastoci, a kanmu maganar ta fi nauyi. Sura 3 ta wasiƙar nan ta ɗaura riƙon ikilisiya da riƙon gida. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In matasa ba su taɓa ganin dattijo ya ɗauki benci bayan sujada ba, wa'azinmu a kan tawali'u iska ne.

KALMA TA ƘARSHE

Ya mai karatu, kada ka fahimce ni a karkace. Ko ka share Maraɗi duka, daga babbar kasuwa har bakin Gulbi, wannan ba zai share zunubinka ba. Ceto kyauta ne ta wurin bangaskiya ga Yesu Almasihu, wanda ya mutu dominmu, ya tashi kuma. Da Bitrus ya ƙi a wanke masa ƙafa, Ubangiji ya nuna masa cewa wanda bai yarda a wanke shi ba, ba shi da rabo tare da shi. Sai an wanke ka tukuna, sa'an nan za ka iya wanke wa wani da zuciya ɗaya. Girman kai rawanin tsiya ne, shi ne yake hana mutum durƙusawa gaban Mai Ceto, shi ne kuma yake hana shi sunkuyawa ya ɗauki tulu. In ba ka taɓa ba da ranka ga Yesu ba, ka yi haka yau, ka nemi fasto ko wani mai bi kusa da kai ya karanta maka Yahaya sura 13. In kuwa kai mai bi ne, to, ka tashi gobe da asuba ka duba wa ya riga ka tashi, ka tambaye ta abin da za ka karɓa.

Ke kuma 'yar'uwa da kike ɗauke da kayan ke kaɗai, ki sani Ubangiji yana gani. Ya ce ko ƙoƙon ruwan sanyi da aka bayar saboda shi ba zai rasa lada ba. Ki faɗi gajiyarki ga mai gidanki da bakin salama, ki kuma kai ta gaban Allah.

Addu'a: Ya Ubangiji Yesu, kai da ka ɗauki daro da mayafi, ka wanke mu daga girman kai. Ka ba yaranmu farin ciki cikin aiki, ka ba iyaye adalci da godiya. Ka sa gidanmu ya zama tsintsiya mai maɗauri ɗaya, domin maƙwabtanmu su gani su girmama sunanka. Amin.

In ka gama karanta wannan takarda, ka karanta wa iyalinka da dare, sa'an nan ka miƙa wa wani.